Intabiyu a Karar Shanun Potiskum

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani abokina da ya ce zai raka ni don kada in suma a hanya. Shekara uku ke nan da na gama karatun kwamfuta, ina zaune a shagon gyaran waya ina canza fasasshen gilashi. Sai ga wani kamfanin fasaha a Potiskum, masu haɗa wa makiyaya manhajar waya, ya kira ni intabiyun aikin injiniyan manhaja. Na riga na gaya wa Umma cewa in wannan ma bai yiwu ba na haƙura, zan rungumi sukudirebata har tsufa.

Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani, kuma duk da haka mu huɗu aka cusa a baya. Ni da na ci farar shadda mai sitati, tun kafin Wudil ta koma kamar an kwana a cikinta. A nan muka sayi ƙosai mai zafi, abokina ya cinye nasa da nawa, wai mai intabiyu ba ya cin mai. Daga Azare titi ya yi kyau, direba ya sake wa mota wuta, ni kuwa ina ta bitar darussa a zuci.

Ba sai an ce maka ka iso Potiskum ba, tireloli ne za su gaya maka, jere a bakin titi har ido ya gaji. Mai Keke Napep ɗin da ya kai mu unguwar Dogo Tebo, inda kamfanin yake, Hausarsa da ɗan gargada mai daɗi, yana jin inda za mu ya ce Allah ya ba da sa'a, ya kuma ƙi karɓar kuɗin abokina.

Mu huɗu muka zo neman gurbi ɗaya. Shugabar injiniyoyin, wata Hajiya 'yar garin mai yawan murmushi, ta ba mu awa guda mu rubuta wani ɗan shiri a kwamfuta. Na gama da sauran lokaci, har na fara jin kaina. Bayan azahar sai ta ce, “To malamai, sauran intabiyun a kara za a yi, wato kasuwar shanu.” Na dubi takalmina da na sha wahalar gogewa, na ce to.

Ban taɓa ganin shanu masu yawan na karar nan ba. Ƙaho ko ta ina, dillalai na ta ɗaga murya, ana loda wasu a tirela za a yi Kudu da su. Taku na uku na dulmiya ƙafa cikin kashin shanu, abokina da ke biye da mu daga nesa ya yi dariya har da riƙe ciki.

Hajiya ta miƙa wa kowannenmu waya. Ta ce manhajar tana tuna wa makiyayi lokacin rigakafi, tana kira masa likitan dabbobi, amma duk wanda ya buɗe ta a shafin farko yake tsayawa, ba ya komawa. Mu nemo dalili kafin la'asar.

Na duba sabis, lafiya lau. Na duba rubutun manhajar layi-layi, babu kuskure. Da dabara ta ƙare sai na je na durƙusa gaban wani dattijon Bafulatani da ke zaune a inuwa da sandarsa, muka gaisa, na ce bari mu cike shafin tare. Akwatin farko ya ce a sa adadin shanu.

“Baffa, shanunka nawa ne?”

Ya dubi shaddata, ya dube ni. “Alhamdulillahi.”

“Na sani, Baffa, amma guda nawa?”

“Ɗana, akwai albarka.”

Zan sake tambaya ke nan wani dillali ya ja hannun rigata. “Kai baƙo ne ko? Ba a yi wa mai shanu wannan tambayar. Ko shi ba ya faɗa da bakinsa, baki na kama dukiya.” Na ga mutanen wurin suna ƙunshe dariya. Wallahi kunya ta kama ni, na ji a raina aikin nan ya tafi, sai shago.

Don in wanke kaina na nuna wata jar saniya na ce ta yi kyau. Nan take fuskar Baffa ta washe. Ya faɗa min sunanta, da sunan uwarta, da damunar da aka haife ta, da ciwon kofaton da ta yi bara. Daga ita ya koma kan ta kusa da ita. Mutumin da ya ƙi ba ni lamba ɗaya ya ba ni tarihin kowace saniya, ko numfashi ba ya ja. Ina tsugune a wurin mafita ta faɗo min.

Na zauna a kan benci na buɗe kwamfutata. Na cire akwatin adadi gaba ɗaya, na sa a riƙa shigar da saniya ɗaya-ɗaya da hotonta da sunan da mai ita ke kiranta, kuma kada jimilla ta fito ko'ina a fuskar waya. Na ɗora gyaran a wayar, na kai wa Baffa. Da kansa ya saita wayar a kan jar saniyar, yana ce mata ta tsaya da kyau.

Hajiya na tsaye a bayana ban sani ba. Ta ce sun daɗe da gano matsalar bayan sun sha wuya, tsohuwar manhajar suke ajiyewa don masu intabiyu. “Kowa yana yin tambayar nan, Malam. Abin da mutum ya yi bayan an yi masa dariya muke kallo.” Sannan ta ce za a kira.

Da yamma muka ci balangu a unguwar Yerimaram, inda muka sauka gidan 'yan uwan abokina. Nama a garin nan araha, ga taushi, muka kora da fura da nono mai kauri. Washegari muna wuce Azare wayata ta yi ƙara, Hajiya ce, ta ce na samu aikin. Ban san na yi kabbara da ƙarfi ba sai da direba ya taka birki. Da suka ji dalili, duk motar ta ɗauki barka, wata tsohuwa ta ba ni goro.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, na yi shekaru ina koyon magana da kwamfuta, ban koyi sauraron wanda zai riƙe wayar ba. Na isa gida da la'asar, shadda duk tabo. Umma ta yi guɗa, ta share hawaye, sannan ta matso kusa ta rage murya.

“To, nawa za su riƙa ba ka?”

Na gyara zama irin na Baffa, na ce, “Umma, alhamdulillahi, akwai albarka.”