Ɗan Majalisar da Inna Ta Shayar

Shekarun da zinari ya ɓulla a ƙasar Bukkuyum, gidanmu ma ya shiga harkar. Yayana yakan kawo buhunan dutse daga rami, matarsa da Inna su yi ta daka a tsakar gida, garin yana sauka kan tukwane da tabarmi. Muka yi wa ɗakin Inna rufin kwano, muka sayi babur. Sai yara suka fara zazzaɓi da sanƙarewa. Ɗan yayana, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, yana cikin waɗanda aka binne a daminar nan.

Wakilinmu a majalisar jiha a lokacin ɗan maƙwabtanmu ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana jinjiri, Inna ta shayar da shi tare da yayana. Ko bayan ya zama Honorabul, a zaure yake cire takalmi in zai gaishe ta.

Ya zo mana gaisuwa. Da aka shafa addu'a bai tashi ba. Ya shafo ƙasar gefen tabarma, ya tsaya yana duban tafin hannunsa.

"Inna, likitoci sun ce dalma ce cikin dutsen ga, ita ka kashe ɗiyanmu. Dole a fidda dakan ga daga gidaje. Zan faɗa a majalisa."

Inna ta ɗago jajayen idanu. "Kai da na ba nono, kai za ka ce ni na kashe jikana?"

"Ban ce ba, Inna."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi, ya ce Allah Ya ba mu haƙuri, ya fita. Kuma ya faɗa ɗin. Mun ji shi a rediyo, an ji shi a kasuwar Anka. Manyan masu sayen zinari suka aika masa ya yi shiru, don suna tsoron a rufe ramuka. Wasu matasa suka jefi motarsa a hanyar Gummi. Mutanen da suka zaɓe shi suka ce ya ƙoshi ne, yana son hana talaka ci. Bai fasa ba, sai da aka mayar da daka bayan gari, ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar gidaje suka zuba sabuwa. Ranar da aka yi namu ya zo da kansa, ya naɗe hannun riga ya kama shebur. Inna ta shige ɗaki ta saki labule.

Da zaɓe ya zagayo, jam'iyyarsa ta ba wani takara. Ya tattara iyalinsa daga Gusau ya dawo noma.

Wata rana da kaka, da la'asar, Inna ta dama fura da nonon da ta saya wajen maƙwabtanmu Fulani, ta ce in raka ta. Ta sa na goya ɗiyar da matar yayana ta haifa bayan rasuwar nan. Muka same shi a bakin gona yana ɗaurin gero. Yana hango mu ya saki igiyar, ya durƙusa.

Inna ta daɗe tana kallonsa. "Ka rame," in ji ta.

"Rana ce, Inna."

Ta ce in sauke yarinyar. Ina ajiye ta, ta ruga tana bin wata akuya, tana dariya.

"Ka gan ta," Inna ta ce. "Ko sau guda ba ta taɓa sanƙarewa ba. Allah Shi yi maka albarka, ɗana."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa ganin namiji babba yana kuka haka ba, sai na juya ina gyara zane. Inna ta zauna kan damin gero, ta buɗe ƙwaryar ta miƙa masa ludayi.

"Sha, kada ta tsinke."

Ya sha, ita kuma tana yi masa faɗa wai ya yi shuka da tazara. Bai sake neman kujera ba. A shekarun da suka biyo baya, duk mai jinyar yaro a garinmu ƙofarsa yake fara bugawa, shi ke kai su asibiti a tsohuwar motarsa.