Ɗigon Rawaya a Rediyon Malam

Ban yi boko ba, a allo ma ban yi nisa ba. 'Yata ta fari ce ke riƙe da biro ina faɗa mata, kuma na gargaɗe ta kada ta sanyaya mini magana in ta ji ta yi zafi. Da zafinsa nake so abin ya zauna a takarda.

Mijina baduku ne. Malam nake ce masa, haka ma duk mutanen gidan hayar da muke ciki a Zangon Kumasi. Fataucin goro ne ya kawo kakansa daga ƙasar Hausa. Shi Malam bai taɓa taka can ba, amma ba ya shan kokon safe sai ya ji abin da aka kwana ciki a can. Rediyonsa baƙi ne, babba, mai cin manyan batura, da dogon gilashi a gaba wanda jar allura ke tafiya a bayansa. Tashoshin cikin gari ba su dame shi ba, ya ce waɗannan ko murfin tukunya zai kama su. Gajeren zango yake nema, inda murya ke tasowa daga ƙasa mai nisa, ta matso, ta ja baya, ta sake matsowa.

Don ya jawo muryoyin nan, ya ja wayar tagulla daga tagar falonmu, ta ratsa saman tsakar gida har reshen mangwaron maƙwabta, ya sa wuyan kwalba a kowane baki don kada ta taɓa itace. Wata wayar kuma ta sauka zuwa wani ƙarfe da ya kafa a gindin bango. In ƙasa ta bushe, sai ya juye wa ƙarfen ragowar ruwan alwalarsa. Matan gida ba sa barinsa.

"Malam, yaushe ƙarfen nan naka zai yi 'ya'ya mu zo tsinka?"

"Ai kullum yana yi," in ji shi. "Da kunne ake cin su, ku kuwa baki kawai Allah ya ba ku."

Da gida ya cika da cajar wayoyin hannu da fararen ƙwayayen lantarki, sai rediyon ya kama wani irin ƙugi. Malam ya je Oforikrom wurin wani abokinsa mai gyaran rediyo, ya dawo da baƙin zobe, ya nannaɗe wayar a jikinsa, ƙugin ya ragu. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a gefe, in tashoshi biyu suka hau kan juna sai a tura shi, ya tace ɗaya ya bar ɗaya. Rariya yake kiransa don in gane. Yakan ce, "Taɓa rariya, tsaki ya yi yawa."

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, ya san lambobin gilashin za su ɓace masa, ni kuma lamba ba ta ce mini komai. Wata rana bayan azahar ya ɗauko kwalaben rinin fatarsa da basilla, ya ce, "Uwargida, zo ki zama idona tun ina da sauran nawa." Ya riƙa murɗa allura, in ya tsaya a kan tasha sai ya tsoma bakin basilla a rini ya ɗiga a gilashi, ya kuma ɗiga irinsa a jikin maɓallin da ake sauya mita. Ja na Hausar safe ne. Kore guda biyu na Hausar rana. Baƙi na karatun Alƙur'ani daga ƙasar Larabawa. Sai rawaya, can kusa da ƙarshen gilashi. Wannan ba ta zuwa sai bayan la'asar. Tana buɗewa da wani kiɗa mai kama da molo, sannan wata mace ta yi ta magana a hankali cikin yaren da ba mu taɓa jin irinsa ba, mu da muke zaune a Zango inda babu yaren da ba ya wucewa ta ƙofar gida. Na tambaye shi me take cewa. Ya ce bai sani ba, amma ko me take faɗa ba faɗa take yi da kowa ba, shi ya sa yake hutawa a wurinta.

Shekara shida ni ce hannunsa. Yana zaune a kan buzu, sai ya ce ja, in kai allura kan ja. In na wuce da kaurin gashi zai ce, "Kin shiga gonar mutane, dawo." Ba mu da hira mai yawa ni da shi, ba haka aka tashe mu ba. Wannan murɗawar ita ce hirarmu.

Da damina Allah ya karɓi abinsa. Ina faɗa yanzu ma hawaye nake yi, kuma ba zan ɓoye ba. Na shiga takaba. Tsofaffin unguwa suka ce mai takaba ba ta kunna rediyo. Ban sani ba ko addini ne ya ce ko su ne suka ce, amma ba ni da ƙarfin gardama. Na lulluɓe shi da rawanin Malam, na bar shi a falo, ina ƙirga ranar da zan fita in kai allura kan rawaya. Da wannan nake lallashin kaina.

Malam yana da ƙanwa da ke aure a Buokrom, mai sayar da atamfa. Matarmu take ce mini, kuma akwai wasa tsakaninmu kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙannen miji. A nan, kafin addu'ar arba'in, dangin mamaci sukan wanke duk kayansa, a raba tufafin sadaka bayan an shafa fatiha. Saura kwana biyu ta zo da sabulu da kananzir da tsumma. Ni ina ƙuryar ɗaki da masu gaisuwa.

Da na fito alwalar azahar, sai na ga rigunan Malam a shanye a tsakar gida, suna ɗiga. Ban gane igiyar ba da farko. Sai rana ta haska ta, na ga jan tagulla. Na ɗaga kai, babu komai tsakanin taga da mangwaro. Ashe masu kafa rumfar taro sun ce wayar za ta tare musu, ita kuma ta ce su yanke, ga ta ma da amfani. Ban gama haɗiye wannan ba ta fito daga falo rungume da rediyon, yana ƙyalli, tana murmushi.

"Matarmu, dubi aiki. Shekara nawa kina zaune da kashin ƙuda a rediyon Yaya? Shi dai ba ya gani, ke kuma fa? Sai da na haɗa da bakin wuƙa kafin ya fita."

Na karɓa na duba. Gilashi tas, maɓalli tas. Ko alamar inda ɗigo ya taɓa zama babu. Butar hannuna ta faɗi.

Na ce, "Wa ya aike ki?"

Ta ɗauka wasanmu ne. "Aike? Yayana ne fa, ciki ɗaya. Ke ai aronsa muka ba ki."

"Tun ba ki iya ɗaura zane ba nake gidan nan. Ga ni a bayan labule, taku biyar. Bakinki ciwo yake da ba za ki tambaya ba?"

"To, daga goge datti?"

"Hannunsa kika goge. Da basillarsa ya ɗiga su, ɗaya ɗaya, saboda ni."

Mata suka taru, wannan ta ce haƙuri, waccan ta ce mai takaba ba ta ɗaga murya. Babu wadda ta ce mata ta yi laifi. Ni da aka yi wa ɓarna ni aka mayar ɗaki. Wannan shi ya fi ci mini rai har yau. A gidan nan babu wanda bai san Malam da wayarsa ba. Sun yi shekaru suna tsokanarsa a kan ƙarfensa. Suna tsaye aka yanke wayar, suna tsaye aka shanya masa riguna a kai, kowa ya ga kamar mutum in ya tafi abin da ya so ya koma tarkace. Kuma babu wanda ya kawo a ransa cewa tsohuwar da ba ta karatu tana da abin da take karantawa.

Ɗana da ke zaune a Atonsu ya zo da yamma, ya durƙusa. "Mma, duk tashoshin nan suna cikin wayar hannu yanzu, ba ƙara ba komai. Zan sa miki." Na ce ya sa wa uwar matarsa. Ba labarin duniya na rasa ba. Na kwance wayar tagullar da hannuna bayan rigunan sun bushe, na naɗe ta na tura ƙarƙashin gado.

Da na fita takaba, na ɗaure rediyon a zane, na hau trotro, motar hayar nan, zuwa Oforikrom wurin abokin Malam mai gyara. Na ce tunda shi yana karatu, ya nuna mini lambobin in sake ɗigawa. Ya juya rediyon, ya duba allurar.

"Hajiya, lambobin nan ƙarya suke yi. Shekarun baya zaren da ke jan allurar ya tsinke, ni na sa wani, allurar ta zauna a karkace. Na ce ya bari in daidaita, ya ce ya riga ya saba da ƙaryarta. Ɗigon nan nasa su kaɗai ne gaskiya. Ko na gyara yanzu, na Hausa kawai na sani, kuma wasu sun daina zuwa ta gajeren zango."

Na ce kada ya taɓa allurar, ya bar ta yadda Malam ya bar ta. Ranar Asabar ya zo gida, ya tsaya a ƙasa yana nuni, kafintan gidanmu ya hau tsani ya mayar da wayar kan mangwaro, da sababbin wuyan kwalba. Na zuba wa ƙarfen ruwa. A wannan karon babu matar da ta yi tsokana.

Daga nan sai aikin kunne. Kowace safiya bayan na idar da salla in zauna a kan buzunsa, in bi gilashin kaɗan kaɗan, mita bayan mita, cikin shuu da fito da muryoyin da ban sani ba. Sai a kwana na tara na ji ana gaisuwa da Hausa can ƙasan ƙara. Na tura rariya, muryar ta fito. Na yi kuka har maƙwabciyata ta leƙo. Na tsoma basillarsa a jan rini na ɗiga, ɗigon ya fi nasa girma. Baƙi bai ba ni wuya ba. Kore ɗaya na samu, ɗayan mai gyara ya ce in haƙura, sun rufe. Rawaya kuwa babu. Na rera masa kiɗan da bakina, ya girgiza kai, ya ce Malam bai taɓa gaya masa ba.

Ana saura kwana kaɗan azumi, lokacin da mutane ke yawon neman gafara, ƙanwar Malam ta zo. Ta ajiye wani ɗan rediyo sabo a gabana, irin na tashoshin gari.

"Matarmu, azumi ya zo. Ki yafe mini."

Na ce, "Na yafe wayar, tunda ta koma. Na yafe ja da baƙi da kore. Rawaya ban yafe ba tukuna. Ba zan yi miki ƙarya ina shirin ɗaukar azumi ba."

"To in ba a same ta ba fa?"

"Sai mu je gabansa a lahira, ki gaya masa da bakinki."

Ta ɗauki ɗan rediyonta ta tafi tana share ido da mayafi, ban raka ta ba. 'Yata ta ce na yi tsanani. Ta rubuta haka in tana so, ba zan janye ba.

Kullum bayan la'asar ina kai allura ƙarshen gilashi, in sauya mita, in saurara. Sau ɗaya na ji kamar molon, kafin in kai hannu kan rariya ya nutse. Rinin rawayan yana nan a kwalbarsa, saura kaɗan a gindi, yana ta bushewa. Duk Juma'a nakan ɗiga masa ruwa in girgiza, don kada ranar da na same ta in rasa abin ɗigawa.