Don Cleto, mai jifa don wani ya buga

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe Mélida take ɗora ruwan zafi domin kafaɗar mijinta. Sai ta jiƙa tawul ta gasa masa ita sau uku kafin hannun daman ya yarda ya ɗagu. Daga nan ya ci dakakkiyar ayaba da soyayyen ƙwai, ya kurɓi baƙin kofi, ya ɗare bayan ɗan acaɓa da jakarsa a cinya. Kafin ƙarfe biyu yana cikin filin besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buga da sanda, ya riga kowa in ban da mai ban ruwan ciyawa. Haka Anacleto Severino, wanda duk garin nan ke kira Don Cleto, ya yi shekara talatin da ɗaya. Ranar Lahadin nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da shi ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba.

Aikinsa shi ne jefa wa 'yan wasan ƙungiyarmu ƙwallo a atisaye, kafin a fara wasa. Duk wani mai jifa burinsa kada sanda ta taɓa ƙwallonsa. Shi kuwa an ɗauke shi ne don a buga nasa, a cilla can bayan katanga, jama'a su yi ihu da sunan wani. Jifa ɗari uku a rana ba komai ba ne a wurinsa. In gobe za a kara da mai jifa ɗan hagu mai murɗa ƙwallo, yau Don Cleto zai kwaikwayi murɗin da hannun damansa har masu bugu su saba. Ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Ku tambayi Radamés Luperón, kyaftin ɗinmu. Akwai shekarar da ya yi wasa goma sha huɗu bai buga abin kirki ba, 'yan kallo suna yi masa ihu wai ya koma yankan rake. Masu horarwa suka yi ta kallon bidiyo ba su gano komai ba. Don Cleto ne ya ja shi gefe ya ce masa ai yana ɗaga diddigen hagu tun ƙwallo bai bar hannu ba. Kwana biyar ya yi yana jefa masa shi kaɗai a cikin rana, bayan ya gama da kowa. Da Radamés ya farfaɗo, jaridu suka yaba wa basirar manaja.

To a nan ne raina yake ɓaci. Duk shekarun nan sunan Don Cleto bai taɓa shiga takardar ma'aikatan kulob ba. Haka Doña Eufemia mai wankin riguna, haka mai ciyawa, haka ƙananan kociyoyi biyu da mai tausa da wasu biyar, su goma sha ɗaya ke nan har da shi. Ranar da aka yi wasa a ba su ɗan abin da ba ya kai wa ko'ina, sauran kuwa sai abin da 'yan wasa suka dunƙule suka sa musu a tafin hannu. Al'ada ce da muka taso muka tarar, har muna alfahari da ita, muna cewa yaranmu akwai hannun kyauta. Ba mu lura ba cewa wannan kyautar ce ta ɗauke wa masu kulob nauyi, suka miƙe ƙafa suna hutawa.

Farkon kakar wasan bana likita ya gaya wa Don Cleto jijiyar kafaɗarsa ta fara tsagewa, in ba a yi aiki cikin wata guda ba, ya manta da jifa. Asibiti suka nemi katin inshorar wurin aiki, ba shi da shi. Ya ɓoye maganar, don ya san akwai injin jifa a ɗakin ajiya da ke jiran ya yi tuntuɓe. Mélida ce ta kasa haƙuri, ta amayar wa mahaifiyar Radamés bayan an taso daga coci.

Da labari ya isa ɗakin 'yan wasa, abin da ya fara zuwa musu shi ne karo-karo. Sai Wandy, mai cafke ƙwallo, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce shekara talatin ke nan ana karo-karon, shi ne ya kai tsohon inda yake. Suka rubuta wa hukumar kulob sau biyu suna neman a sa mutum goma sha ɗayan a takarda, da albashi da inshora. Sau biyun aka ce musu a bari kaka ta ƙare.

Abin da suka yi wata Asabar bayan haka, da idona na gani. An buɗe ƙofa ƙarfe huɗu, jama'a sun fara cika suna cin gyaɗa, Don Cleto ya tsaya bayan ragar da ke kare shi, da kwandon ƙwallaye. Radamés ya shiga ya ɗora sanda a kafaɗa. Jifa ya zo masa daidai ƙugu, irin wanda yake so, bai motsa ba. Na biyu ma haka, na uku ma haka.

"Kai Radamés, ka makance ne?" in ji Don Cleto. "Wannan ai ko kakarka za ta buga."

"Jefo wani, Baba."

Goma ya jefa masa, goma suka wuce suka faɗa raga. Wandy ya shigo, shi ma ya tsaya kamar an dasa shi. Haka suka yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya. Filin ya yi tsit, har mai sayar da lemo ya daina tallarsa. Ba su gaya wa tsohon ba, don kada a ce shi ya kitsa, kuma a nan suka yi kuskure. Shi a tunaninsa yaran suna nuna masa a gaban duniya cewa jifansa ya lalace. Sai ya ƙara ƙarfi, yana cije leɓe, gumi yana zuba. A kan mutum na bakwai ya ajiye ƙwallo, ya tako har gabansu.

"In hannuna ne ya mutu, ku gaya mini a fuska. Ni na rene ku, ba zan ji haushi ba."

"Hannunka ya fi namu lafiya, Baba," in ji Radamés. "Sunanka ne babu a takarda. Ba za mu ƙara buga ƙwallon mutumin da kulob ya ce bai san da shi ba."

Ba a yi minti goma ba sai ga shugaban kulob ya sauko daga ɗakinsa mai sanyi, yana murmushin dole saboda masu ɗaukar hoto. Mutum ne mai wayo. Ya ja Don Cleto da kyaftin bakin rumfar 'yan wasa, ya ce shi da kansa zai biya kuɗin aikin kafaɗar, Litinin a kwantar da shi, maganar sauran kuma a bar ta zuwa gaba. Radamés ya gaya mini har ya buɗe baki zai karɓa, domin abin da ya fi damunsu ke nan.

Don Cleto ya dubi shugaban. Sannan ya tambaya ko har da Eufemia, wadda yanar ido ta rufe mata ido ɗaya tana wanki da lalube. Shugaba ya ce a bi abu a hankali.

"To ranka ya daɗe, a bi da ni a hankalin tare da su," in ji Don Cleto. Ya koma bayan ragarsa.

Mako bakwai aka yi ana ja-in-ja. 'Yan wasa suna buga wasa saboda 'yan kallo, amma ranar wasan gida ba sa taɓa sanda a atisayen gaban jama'a, sai dai a ɓoye da safe, kuma Don Cleto ne yake jefa musu. Wasu kociyoyin wata ƙungiya suka ji, su ma suka ɗaga murya. A watan Janairu aka sa hannu, su goma sha ɗaya suka shiga takarda. Da Don Cleto ya kai sabon katinsa asibiti, likita ya duba hoto ya girgiza kai. Jijiyar ta riga ta rabu. Aikin da za a yi masa wata mai zuwa zai raba shi da ciwo, amma ba zai dawo masa da jifa ba.

Don Cleto, kai ne aka miƙa wa hannunka a faranti ka ce sai an haɗa da na wasu. Kai ne ka san farashin tun kafin ka buɗe baki, don likita bai ɓoye maka komai ba. Uban masu bugu, mai jifa babu gajiya. Kai ne za ka fi kowa ƙarancin amfana da wannan takarda, wata biyu kacal ka yi a cikinta, wanda zai gaje ka kuwa zai fara da ita tun ranar farko.

Na same shi shekaranjiya a bakin kanti yana buga domino da hagu, na tambaye shi ko ya yi nadama.

"Kullum da safe in zan sa riga," in ji shi. "Amma an cire wa Eufemia yanar. Jiya ta kalle ni ta ce ashe haka na tsufa."

Mun gode, Don Cleto. Mun gode wa Mélida da ta ƙi yin shiru, da yaran da suka ɗora sanda a kafaɗa. Ku kuma da kuke aiki inda wani yake share muku, ko yake dafa muku, ku daure gobe ku tambaye shi ko sunansa yana cikin takarda, kada ku tsaya a kan abin da kuke dunƙule masa.

Ranar Lahadi shi zai yi jifan buɗe wasa, kuma za a kira sunansa. Daga ƙasa zai wurgo ƙwallon, yadda ake wurga wa yaro mangwaro, domin hannun ba ya wuce kafaɗa. Ku zo da wuri, kuma in ya fito ku miƙe tsaye.