Zanen Garinmu a Hanyar Gummi

Mun bar Gusau ana idar da sallar asuba, ni da ƙanena, da kwali guda a kan cinya. A cikinsa akwai zanen tsohon garinmu da ke ƙasar Bukkuyum: ƙofar gari, masallacin ƙasa, rijiyar bakin kasuwa da ramukan marina. Da hannuna na zana su daga abin da na tuna, aka buga mini a takarda mai kauri. Garin ya tashi tun da ɓarayin daji suka matsa, mutanenmu suka watsu Anka da Gummi. Inna ma tana Gummi. Nufina kowane gida ya samu ɗaya.

Kuɗin mota ya ninka na bara. Direba ya ce rabi na mai ne, rabi na kasada. Ba wanda ya yi dariya.

A Anka na raba wa gidaje huɗu a tsaitsaye, muka ci hoce da ƙuli a tasha. A nan mota ba ta tashi don ta cika, sai an ga wata ta fito daga wajen Gummi an tambayi direbanta yadda ya baro hanya. Mun fi awa biyu muna jira.

Da muka fita gari hira ta mutu. Dawa ta yi tsayi dama da hagu, ba ka ganin abin da ke bayanta. In aka ji ƙarar babur kowa sai ya duƙar da kai. Matar da ke kusa da ni tun tana salati a fili har ta koma motsa baki.

Kafin mararrabar Bukkuyum masu tsaron wani ƙauye suka tare mu da bindigogin gida. Aka sauke kaya. Wani mai jan rawani ya buɗe kwalina, ya ciro zanen ƙofar gari, inda hanyoyi uku suka haɗu.

"Wa ya aiko ka? Mi kaka yi da hanyoyin shiga gari?"

Na san abin da ke samun wanda aka zarga da kai wa ɓarayi rahoto. Direba ya kau da kai. Ƙanena yana rantsuwa, ba mai sauraronsa. Aka ce in koma gefe in zauna a ƙasa, na zauna.

Wani dattijo a cikinsu ya ɗauki zanen marina, ya daɗe yana kallo.

"Wanga rami na ukku na babana ne," ya ce. "Kai ɗan wane gida ne?"

Na ce gidan maƙera, ƙofar gabas. Ya tambayi sunan kakana, na faɗa. Ya ce wa mai rawanin, "Bar shi, namu ne." Sannan ya juyo gare ni. "Amma ka mance tsamiyar bayan masallaci."

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Aka mayar da kaya mota, muka wuce Gummi.

Ban gaya wa Inna abin da ya faru ba. Ta riƙe zanen rijiya ta ce bakinta ya fi haka faɗi. Na kawo ƙusa zan kafa mata a bango, ta hana, ta sa shi a jakar da take ajiye maganinta. Ta ce in an ce a gudu, jakar ce kaɗai take ɗauka.

Kwana biyu muka yi, muka biyo ayarin motoci da rana tsaka, muka iso Gusau lafiya da kwali babu komai.

Na tafi ina ganin na zana abin da ya riga ya wuce. Amma duk gidan da na shiga, ba wanda ya yi mini maganar garin kamar ta mamaci. Kowa gyara yake mini, kamar mutanen da gobe za su koma su duba ko na yi daidai.