Jan Zare a Lipovets

A ƙauyen Lipovets, can cikin duwatsun kudancin Bulgeriya, ba a taɓa jin wanda ya ce lafiyarsa ƙalau ba. Tsoron kambun baka ne ya hana. Ka gaishe da tsohuwa tana saɓe da buhun dankali, sai ta ce maka jiki ya ƙare, lokaci kawai take jira.

Nevena, nas ɗin ƙauyen, ta yi furfura tana fama da su. Mijinta Kosta ne sarkin masu raki, don ciwon bayansa ba ya tashi sai an ambaci faskaren itace.

Da wani kamfani ya zo zai haƙi tagulla a bayan dutse, hukuma ta turo wata matashiyar likita, Radoslava, ta duba lafiyar kowa kafin a fara aiki. Ƙauye kuwa ya yi abin da ya saba. Wannan tari, wancan jiri, waccan ƙirjinta kamar an ɗora dutsen niƙa.

"Inna Nevena," in ji likita da yamma, "anya garin nan akwai mai rai?"

Nevena ta yi dariya, sai kuma ta hango matsala. In aka rubuta kowa maras lafiya ne tun yanzu, gobe idan ƙurar haƙar tagulla ta shiga huhun jikokinta, kamfani cewa zai yi dama haka ya same su.

Ta bi gida-gida tana bayani, a banza.

"Ke 'yar nan," in ji Iya Gina, tsohuwar da ta fi kowa shekaru, "so kike in yabi jikina a gaban baƙuwa, in wayi gari a kwance?"

Sai Nevena ta warware jar rigar sanyinta, ta ɗaura wa kowa jan zare a hannu, irin wanda ake ɗaura wa jarirai don maganin baki. Ta kuma ce likita ta riƙa tofawa sau uku bayan kowace amsa.

"Ni da na yi jami'a?" in ji likita.

"Tofa dai, 'yata," in ji Nevena, "jami'ar ba za ta ji labari ba."

Nan fa bakuna suka buɗe. Iya Gina ta yi ƙasa da murya ta ce rabonta da magani tun haihuwar autanta. Likita ta tofa, ta rubuta.

Kosta ne na ƙarshe. Ya dubi matarsa, ya dubi dutsen ta taga, ya daɗe yana murza zaren hannunsa.

"Rubuta, likita," ya ce. "Huhuna garau. Bayan nan ma, wallahi, bai taɓa ciwo ba."

Daɗi ya kama Nevena har da ƙwalla, don yanzu hukuma ta shaida cewa lafiya lau kamfani ya tarar da Lipovets. Ta sumbaci mijinta a goshi a gaban kowa. Da safe Kosta ya farka ya tarar da gatari jingine da gadonsa, an ɗaura masa jan zare a ƙota.