Wanda Ya Mai da Mussa Musa

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ni da wani abokina tela, amma motar Tsafe ba ta bar tasha ba sai da rana ta ɗago. Direba ya ce ba zai motsa ba sai ya ga motocin Funtuwa sun fara shigowa Gusau lafiya, kuma babu wanda ya yi masa gardama. Na zauna ina cin ƙosai, ina hararar duk wanda ya daɗe yana kallon jakata.

Ga wanda bai san dalilin tafiyar ba: akwai wani tsohon littafin aljanu da wani malamin firamare ya rubuta, mun taso muna aronsa hannu zuwa hannu har bangonsa ya fita. Labarin wani maharbi ne da ya shiga garin aljanu a ƙarƙashin dutse tare da Mussa. Mussa a bakinmu na Zamfara ita ce kyanwa, wato mage. Aljani ne namiji a jikin baƙar mage, shi ya sa littafin ke cewa "Mussa ya ce". To, watan jiya wasu 'yan fim daga Kano suka saki fim ɗin littafin, sai ga wani ƙato mai gemu wai shi Musa, yana hawan katanga, yana lasar nono a ƙwarya, yana kwana a ƙafar maharbi. Zauren masu karatu da muke da shi a waya ya kama da wuta. Wata baiwar Allah ta ce har kuka ta yi. Ni kuwa na fi kowa zafi. Na rubuta cewa marubucin ne ya sayar da mu, na kuma rantse zan je in bincika, in dawo in faɗi wanda ya yi mana wannan aika-aika ko da tsohon ne.

Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi. Damina ta yi kyau, dawa ta rufe gefen titi ta ko'ina, wanda a da abin farin ciki ne, yanzu kuwa kowa leƙen gonar yake don tsoron 'yan bindiga. Da muka zo wajen dutsen Kwatarkwashi hira ta mutu a motar. Wata Inna a kusa da ni ta rungume wani rufaffen bokiti tun daga tasha, na yi ta saƙe-saƙe a kansa har muka faɗa wani rami, murfin ya buɗe, man shanu ya gaisa da wandona.

A Tsafe aka ɗauki rabin fim ɗin, cikin duwatsu. Muka nemo mai shayin da ya ciyar da ma'aikatan. Ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Ku su wa ne? Mi kuka biɗa?" Sai da abokina, wanda matarsa 'yar garin ce, ya lissafa masa danginta kafin ya saki jiki. Ya ce su dai mutanen Tsafe suna son fim ɗin, don suna ganin duwatsunsu a ciki, kuma ƙaton nan mutumin kirki ne. Nan take na raya a raina cewa an toshe masa baki. Amma ya faɗi abu ɗaya da na riƙe: "Ni ban ga littahi hannunsu ba. Waya sukan aza tsakiya, su saurara, su rubuta." Na ce shi ke nan, tsohon ne ya karanta musu ta waya, ya kuma yarda aka canza. Muka ci hoce, wainar dawar nan tamu, da ƙuli a bakin titi, ina ci ina tsara maganar da zan gasa wa tsohon.

Muka juyo, muka ratsa Gusau da azahar, muka miƙi hanyar Bungudu. Daga can muka hau babur zuwa wajen Nahuce. Mutum uku muka tambaya gidan marubucin, kowa ya nuna mana gabas daban. Ba ɓata suka yi ba, baƙin fuska ne ba su yarda da su ba. Wata tsohuwa mai tallar gyaɗa ce ta kai mu, bayan ta tambayi sunan kakana.

Muka same shi a gindin darbejiya, siririn dattijo, yana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa na fara zuba, ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce ya ga fim ɗin a wayar ɗiyarsa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, daga baya kuma ya kasa cin tuwo. "Sun zo biɗar izini, na ba su. Littahi kau babu, gara ta canye nau, na kasuwa ya ƙare tun tuni. Sunka ce kada in damu, suna da muryar wani mutumen Gusau da ya hardace shi." Ban yarda ba, na ce a ina muryar take? Ya kira ɗiyarsa ta kawo waya, ta ce sun tura mata a lokacin don Baba ya ji.

Tun daga sallamar farko abokina ya juyo ya dube ni. Muryata ce. Shekara uku da suka wuce na ɗauki saƙon murya na kusan awa guda, na ba sababbin shiga zaurenmu labarin littafin, aka yi ta tura shi har na manta da shi. Na zauna ina jiran in ji inda na ce mage. Mussa ya hau katanga, Mussa ya lashe nono, Mussa ya kwanta a ƙafar maharbi. Ko sau ɗaya ban faɗa ba. Wa zan yi wa bayani, alhali kowa a nan ya san mussa?

Dattijon ya ce, "Wanga mutum ya hi ni tuna littahin. Kalma guda ɗai yab bari." Sai ya ƙara da cewa abin da ya fi ci masa rai shi ne wani ya rubuta wai ya sayar da masu karatunsa, kuma maganar ta kai har masallacinsu. Kunya ta rufe ni, na ce, "Baba, duka biyun ni ne." Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Can ya ce ya gane muryar tun ina gaishe shi, ya kuma ce ya yafe, amma in koma inda na faɗi ta farko in faɗi ta biyu.

Mun shigo Gusau kafin magariba, dariya na ƙwace wa abokina jefi-jefi. Na yini ina zargin direba, da Inna mai bokiti, da mai shayi, da tsohon da bai ci mini komai ba, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba. Har yanzu fim ɗin bai yi mini ba, kar ku ɗauka na sauka. Amma na rantse zan faɗa muku wanda ya mai da Mussa Musa, to ni ne. Wanda duk ya tura rubutuna na farko, don Allah ya tura wannan ma, har ya kai masallacin nan.