Katantanwar Yayata da Kusoshin Raksha

Shekarun baya ne, muna Umdurman a Sudan. Ina tsugune a tsakar gida ina jera kusoshi, sai ga yayata a kaina riƙe da kwanon sha cike da katantanwa.

"Ya zol, wa ya juye su a nan?"

Ni ne. Lokacin na daɗe da barin makaranta, na gudu daga wurin mai walda, na gudu daga gidan burodi, ina koyon gyaran raksha, keken haya mai ƙafa uku, a unguwar Alshajara. Ita kuwa tana karatun digiri na biyu, shekara biyu tana zuwa Bur Sudan tana ɓamɓaro wata katantanwar teku daga jikin duwatsu. Ba murɗaɗɗiya ba ce, kamar 'yar malafa take. Ta jera su a akwatin roba mai gida-gida, kowane gida da 'yar takarda. Ni dai akwatin na gani, na ce wannan ai na kusoshi ne. Na juye katantanwar a kwano, takardun suka bi shara.

"Malesh, yi haƙuri Yaya, ai duk iri ɗaya ne."

"Iri ɗaya? Kai da jakin mai ruwa iri ɗaya ne?"

Inna ta leƙo daga kicin: "Kar ki zagi jaki, shi yana gama aikinsa."

Kwana uku muna tsinta ni da Yaya. Ka ƙirga layukan baya, ka duba inda tsinin ya karkata, ka juya ciki ka ga launi. Ashe iri huɗu ne, kuma idona ya fi nata saurin raba su. Har na fara cika baki.

Sai ta ce, "Iri kam mun raba. Wacce na ciro a wane dutse, a wane wata? Wannan yana takardun."

Malaminta ya ce ko ta sake tarawa cikin wata biyu, ko ta maimaita shekara. Ga shi tana koyarwa a firamare, ba hutu. Ba ta ƙara min faɗa ba. Ta dai gama a shekarar, amma har yau in na tuna lokacin nan sai kunya ta kama ni.

A makon da malamin ya faɗi haka, ban gaya wa kowa ba na hau lorin albasa mai zuwa Bur Sudan, in sake taro mata. Da muka tsaya shan shayi na tura mata:

"Yaya na wuce Atbara. Turo min wuraren da kike cirowa da abin da ake rubutawa. Da manyan baƙi, kin san karatuna. Ki lallashi Inna."